Indararon da Ban Tsaga Ba

Ku samari, ina jin ku in kun zauna wajen mai shayi kuna cewa in komai ya ƙi sai mutum ya kama gwangwan, wai sana'a ce da ba ta buƙatar komai sai baro da maƙogwaro. Ba na jin haushi. Wanda bai taɓa zura hannu cikin buhun tarkace ba, dole ya ɗauka duk ƙarfe ƙarfe ne. Sunana Isiyaku, amma a Ƙaura kowa Isiya Mai Gwangwan yake ce mini, kuma na fi shekara talatin ina wannan aiki a fili ɗaya, bayan layin masu zubin tukwane.

Aikin farko da aka ba ni shi ne tsince buhu uku na tarkace da aka kawo daga wani garejin motoci. Lokacin ba yaro ba ne ni, ina da mata da 'ya ɗaya. Dako nake yi a tashar jirgin ƙasa, da jirgi ya fara yi mana zuwan ganin dama sai na nemi wata mafita. Maigidana Saje Barmo ne, tsohon soja, ɗan gajere mai faɗa, wanda ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasar waje kafin ya ajiye kaki. Ya zazzage buhunan a ƙasa, ya ce in raba kowane ƙarfe da danginsa. Na wuni ina yi, na tara tsibi biyu, baƙi da fari, ina ganin na burge. Ya zo ya sa ƙafa ya watsa su. Ya ce a cikin farin nan kaɗai akwai alminiyon, akwai dalma, akwai ƙarfen da aka yi wa fenti, kuma in mai zubin tukunya ya narka abin da na haɗa masa, tukunyar da zai fitar sai ta kashe gida guda. Sai da na yi wata huɗu ina tsinta kafin ya bar ni na taɓa sikeli.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai sikeli, akwai guduma, akwai kurfi na yanke ƙarfe, da zarto, da magagari da muke kankare abu mu ga launinsa na ciki. Akwai kuma mayen ƙarfe da ke rataye a wuyana har yanzu, na cire shi ne daga cikin tsohuwar lasifika. In ya kama, baƙin ƙarfe ne, in ya ƙi sai ka ƙara bincike. Amma Saje yakan ce babban kayan aiki shi ne hannu. Ka ɗaga abu, ido ya gaya maka girmansa, hannu ya gaya maka nauyinsa, in suka saɓa to akwai magana a ciki. Da haka nake gane radiyeton da aka ɗura wa yashi, da dunƙulen waya da aka naɗe dutse a tsakiyarsa.

Masu saye kuwa kowa da halinsa. Maƙeri yana son sifirin ɗin mota don lauje da gatari, ya fi son ya ƙwanƙwasa ya ji amonsa kafin ya yi magana. Masu zubin tukwane alminiyon suke nema, su ne suka fi kowa ƙorafi. Mai walda guntayen rodi da fayif yake so. Sannan akwai abin da ba a saye ko da kyauta aka kawo: ƙarfen layin dogo, da wayar wuta, da murfin rijiyar burtsatse. Duk wanda ya kawo maka irin waɗannan da la'asar sakaliya yana waige-waige, ka ba shi ruwa ya sha ka sallame shi.

Wata rana aka kawo mana kaya cike da a-kori-kura daga wani gwanjo da aka yi a bariki, gadajen ƙarfe ne da tsofaffin tukwane da jarkoki. A ƙarƙashinsu na jawo wani bututu kore, tsawonsa ya kusa kaiwa ƙuguna, ba shi da nauyi. Mayen ƙarfe ya ƙi kama jikinsa. Na ɗauko kurfi zan fasa in ga ko alminiyon ne, sai na ji Saje ya daka mini tsawar da ban taɓa jin irinta ba. Ya karɓa, ya jujjuya, sannan ya ɗaga shi sama ya miƙo mini.

“Leƙa ka gani. Ka ga rana ta ciki?”

Na ce na gani.

“To wanga ya mutu, gwangwan na. Ranar da kal leƙa ba ka ga rana ba, aje shi awa ƙwai, ka ja da baya.”

Ranar ba mu ƙara wani aiki ba, ya zaunar da ni yana ba ni tarihin abin. Ya ce a babban yaƙin Turawa tankar yaƙi ta addabi sojan ƙasa. Harsashin bindiga ba ya huda ta, igwar da ke iya fasa ta kuwa sai mutum biyar da mota kafin a kai ta inda ake so. Da wuya ta yi wuya, wani ɓangare ya rasa ƙwararrun sojoji ya rasa isasshen ƙarfe, sai suka ƙera bututu mai arha suka sa masa harsashi guda, suka raba wa tsofaffi da samarin da ba su san komai ba. Ka ɗora a kafaɗa, ka harba sau ɗaya, ka yar, ka ruga. Bayan yaƙin wasu ƙasashe suka ɗauki dabarar suka ƙara mata gyara, suka rage nauyi, har ya zama soja guda zai rataya shi a baya tare da bindigarsa bai ji komai ba.

Na tambaye shi ko irin wadda muke gani a hoto ce, mai kai kamar tulu a gaba. Ya ce a'a, waccan ana sake ɗura mata, tana son mai harbi da mai ɗaukar masa kaya, tana son goge-goge da horo. Wannan kuwa tun daga masana'anta aka rufe roka a ciki, aka toshe gaba da baya don kada ƙasa ko ruwa su shiga. Tun da sau ɗaya zai yi aiki, ba a ɓata ƙarfe mai kauri a kansa, shi ya sa jikinsa ya zama alminiyon da wani abu kamar roba mai tauri. Ya nuna mini zanen da ke gefensa, ɗan mutum a durƙushe da abin a kafaɗa, an zana wuta tana fita ta bayansa. Ya ce an yi zanen ne don wanda bai iya karatu ba, kuma wutar bayan nan kaɗai tana iya gasa wanda ya tsaya kusa.

Abin da ya tsaya mini a rai ranar ba ƙarfinsa ba ne, yar da shi ɗin ne. Na ce wane irin almubazzaranci ne a ƙera abu mai kyau haka don aiki ɗaya? Saje ya yi dariya ya ce ai nan ne matsalar take. Wanda ya ƙera shi ya yi shi ne don mutanen da suka iya zubar da abu, mu kuwa ba mu iya ba. Gwangwanin madara a wurinmu fitila ce, tsohuwar taya takalmi ce da guga, buhun taki tabarma ce. In Bature ya ga bututu a daji zai wuce, mutumin ƙauyenmu kuwa tun daga nesa ya gama shawarar inda zai sa shi a gidansa. Wannan fankon ma ba mu yar ba, wani mai kiwon kaji ya saya ya tsaga ya yi mazubin dusa.

Saje ya rasu, filin ya dawo hannuna, shekaru suka ja. A cikinsu ne na san Buba, wani Bafillace da ke zaune wajen Ɗan Isa, yana noma yana kiwo. Ya fara zuwa ne neman sarƙar ɗaure bijimi, daga nan muka saba. Duk ranar kasuwa sai ya biyo da ƙwaryar nono, ya zauna kan tsohon injin nika yana ce mini Kaɗo mai cin tsatsa, ni kuma ina ce masa ya fi son saniya da kansa. Da aka yi wa 'yata aure shi ya kawo ragon. Da ɗansa ya karye ni na kai su wurin maɗori. Shekara ashirin muna haka.

Sai shekarar nan ta zo da aka rufe kasuwanni aka yanke layin waya saboda 'yan bindiga. Ku kun san ta, ba sai na faɗa ba. Hanyar Shinkafi da ta Zurmi suka zama sai da addu'a, kayan da nake tarawa suka rasa motar da za ta kwashe. Abin da ya fi damuna shi ne yadda gwangwan kansa ya canja. Da, tukunya ce da ta huje da keken da ya tsufa. A shekarar nan kuwa sai ƙonannun babura, da kwanon rufi da ya yi baƙi, da kofuna da farantai a ƙwarya guda, ka san gida ne aka tashi. Mata daga Kurya Madaro suka riƙa kawo tukwanen aurensu lafiyayyu suna cewa in auna. Ina aunawa ina jin kunya. Kwanson harsashi kuwa na hana a kawo mini, duk da jan ƙarfe ne mai daraja, don ban san hannun da ya fito ba.

Da bazara ta biyo baya, wata ranar Talata da hantsi, sai ga Buba a kan babur. Ya ɗauro wani dogon abu a baya, an naɗe shi da tsohuwar tabarma an ɗaure da roba. Na daɗe ban gan shi ba, ya rame, an kore masa fiye da rabin shanunsa. Bayan mun gaisa ya ce soron da ya gina wa Inna, mahaifiyarsa, yana zuba, ga damina ta matso, indararon katakon ya ruɓe. Ya je neman wata karsana da ta ɓace, sai ya tsinci wani fayif a kwazazzabo. Ya ajiye shi ƙarƙashin rumbu mako uku. Ya ce ya gwada ɓalle murfin da wuƙa ya ƙi, shi ya sa ya kawo.

“Sa kurfi ka tsaga man shi biyu, Isiya. Indararo biyu za ya yi, guda gabas guda yamma.”

Ya kwance robar, ya miƙo mini kamar mai miƙa rake. Tun kafin tabarmar ta gama warwarewa hannuna ya gaya mini. Abu mai wannan girma bai kamata ya yi wannan nauyi ba, kuma nauyin ya fi karkata gefe ɗaya. Kore ne, ƙasa ta manne masa, gaba da baya a toshe. Na goge gefensa da babban yatsa, sai ga ɗan mutum a durƙushe da wuta a bayansa. Na ji tsoro. Tun daga Ɗan Isa abin nan yake tsalle a bayan babur cikin ramuka, kuma taku ashirin daga inda nake tsaye wutar masu zubin tukwane ce ke ci.

Na taka a hankali zuwa bayan tsibin gadaje inda akwai inuwa da yashi, na kwantar da shi, na dawo. Na gaya wa Buba abin da ya kwana da shi mako uku kusa da ɗakin uwarsa. Ya zauna a ƙasa ya riƙe kai.

To nan ne aikin ya wuce na ƙarfe. Abin ba zai kwana a cikin gari ba, dole a gaya wa hukuma. Amma a lokacin nan, a ce an ga Bafillace da roka a bayan babur, ba wanda zai tsaya ya ji zancen indararo. Kafin magana ta kai gaban mai bincike ta riga ta kai kunnen 'yan sa-kai da mutanen da aka kashe wa 'yan'uwa, kuma na ga yadda irin wannan take ƙarewa a bakin kasuwa. In na yi shiru layi guda na cikin haɗari, in na faɗi gaskiya Buba ba zai ga damina ba. Gaba kura, baya sayaki.

Na ɗauko wani guntun fayif na ruwa, na ɗaura masa a babur cikin tabarmar da ya zo da ita, don duk wanda ya ga shigowarsa da kaya ya ga fitarsa da kaya. Na ce ya tafi, kada ya waiga, kada ya sake tako Ƙaura sai na aika. Ya ce mini, “To kai hwa?” Na ce ni Kaɗo ne, kuma kowa ya san gwangwan daga hannu ɗari yake fitowa.

Da ya yi nisa na shiga layin masu tukwane na ce a kashe wuta, na je na sami mai unguwa, muka tafi tare muka kai rahoto ofishin 'yan sanda. Na ce ina kwance wani tsohon tsibi ne na ci karo da bututun, ban san ranar da ya shigo ba, ban san wanda ya kawo ba. Ƙarya na yi, kuma na san ƙarya ce. Sojoji suka zo suka kori kowa daga layin, wasu biyu suka ɗauke shi a hankali kamar masu ɗaukar jinjiri. Bayan la'asar aka ji ƙara daga bayan gari, har ƙasa ta motsa, kwanukan shaguna suka amsa. Ina zaune a bayan kanta na ji ta, na tuna kurfin da aka ce in sa.

Suka tsare ni, kuma ban ga laifinsu ba, ko ni ne sai na tambaya. Tambayar ɗaya ce safe da yamma: wa ya kawo? Ni kuma amsata ɗaya ce. A waje gari ya ɗauka, wasu suka ce ashe Isiya ne ke yi wa mutanen daji safarar makamai. Ƙofar ofishin ba ta rabuwa da 'yan kallo, cikinsu har da samari masu adduna da bindigogin toka, suna jira su ji suna.

Rana ta huɗu da azahar aka fito da ni tsakar gida. Ina ɗaga kai sai na ga Buba tsaye gaban jami'in da ke bincikena, da malfa a hannu. A ƙasa ya tako tun daga Ɗan Isa, ƙafarsa fari fat, rigarsa ta jiƙe. Ya ji an kama ni, kunya ta hana shi zama. Allah ya taimake ni tsoro ya sa Hausarsa ta gudu, yana ta haɗawa da Fulatanci, abin da aka fahimta kawai shi ne ya zo kan maganar Isiya. Samarin bakin ƙofa sun riga sun matso. Jami'in ya dube ni ya ce ko na san wannan?

Na ce ban san shi ba.

“Isiya, ni na hwa. Buba na.”

Na ga bakinsa ya buɗe zai ci gaba, na san kalma uku suka rage masa, ya ce “ni na kawo”. Sai na ɗaga murya yadda na bakin ƙofa za su ji. Na ce ranka ya daɗe, wannan ai taɓaɓɓe ne, yana yawo kasuwa-kasuwa, duk inda ya ji an kama mutum sai ya zo ya ce ɗan'uwansa ne don a ba shi tuwo. Na ce ko uwar da ta haife shi ta gaji da shi ta kore shi. Na juya na ce masa, “Kai, tahi ka ba mutane wuri, wa ya san ka?”

Wani ya fashe da dariya, sauran suka ɗauka. Wani cikin samarin ya fizge malfar ya kifa masa a ka, aka tura shi waje ana yi masa eho. Bai yi gardama ba. A bakin ƙofa ya juyo ya dube ni sau ɗaya, ni kuma na dubi ƙasa. A rayuwata ban taɓa jin ƙyamar bakina kamar ranar ba. Mutumin da ba ya iya ambaton sunan mahaifiyarsa don kunya, ni na ambace ta a gaban taro aka yi dariya.

Kwana goma sha ɗaya na yi, sannan mai unguwa da dattawan layinmu suka tsaya mini aka sake ni. Kasuwa ta daɗe ba ta dawo ba, wasu maƙeran har yau ba sa saye a wurina. Ban iya zuwa Ɗan Isa ba a daminar nan, don ido na kaina, duk gidan da na shiga na ja masa. Da kaka ta yi na aika a duba mini, aka ce Buba ya kwashe Inna da sauran shanunsa ya tsallaka iyaka.

Shi ya sa in ɗayanku ya zo ya ce in koya masa gwangwan, ba na fara masa da sikeli. Ina ce masa duk abin da ya gani a rufe gaba da baya, bai san shi ba, kada ya fasa, kada ya ƙona, kada ya ɗora a babur, ya bar shi inda yake ya nemi manya. Ƙasar nan yanzu tana fitar da abin da ba mu shuka ba.

Bara wani dillalin shanu daga Shinkafi ya tsaya wurina neman sarƙa. Cikin hira ya ce ya haɗu da wani Buba a can ƙetare, yana nan lafiya, shanunsa sun fara ƙaruwa, Inna ma da ranta. Ya ce in an ambaci Ƙaura sai Buba ya ce akwai wani Kaɗo a can da suka ci abinci ƙwarya ɗaya shekara ashirin, ya tozarta shi a gaban jama'a, kuma shi da garin nan har abada. Nan na gaya wa dillalin yadda aka yi. Ya ce mako mai zuwa zai koma, bari ya warware masa zancen.

Na san Buba. Ranar da ya gane, washegari zai kamo hanya da ƙwaryar nono ya zo ba ni haƙuri, kuma waɗanda suka yi dariya ranar nan suna nan, ba su manta fuskarsa ba.

Na ce wa dillalin, “Bar shi haka nan. Kak ka gaya mai komi.”